NAUYIN KARATU DA CIWON DA BA A GANI: HALIN DA 'YAN MATAN JAMI'A KE CIKI A RIKKOS

A unguwar Rikkos da ke cikin Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa, a Jihar Filato, ba abin mamaki ba ne a yau a ji an ce 'yar gidan wane tana jami'a. Shekaru arba'in da suka wuce irin wannan yarinya abar nunawa ce da yatsa, amma yanzu iyaye da yawa, malamai da 'yan kasuwa da direbobi da masu sana'ar hannu, sun yarda cewa ilmin 'ya mace ba asara ba ne, suna kuwa tattara abin da Allah Ya hore musu su biya mata. Wannan ci gaba ne wanda ya isa a gode wa Allah a kansa.

To, amma akwai wani abu da ya biyo bayan wannan ci gaba wanda ba a cika zancensa a zaure ko a tsakar gida ba. Idan yarinya ta dawo daga makaranta, tambaya biyu aka saba yi mata, watau nawa za a biya, kuma yaya sakamakon jarrabawa. Da wuya a sami mai tambayar ta ko tana samun barci, ko me ya sa ta rame, ko me ya hana ta fara'ar da aka san ta da ita. Alhali kuwa likitoci sun daɗe da tabbatar da cewa nauyin karatu, idan ya haɗu da nauyin gida da rashin kuɗi da tsoro, yana iya zama ciwo sosai, irin wanda ke kwantar da mutum kamar yadda zazzaɓin cizon sauro ke kwantarwa. Ciwon yana da alamomi, yana kuma da magani, sai dai sau da yawa ba a farga da shi sai ya ci ƙarfin mai shi.

AIKI BIYU A WUYAN MUTUM ƊAYA

Jami'ar Jos ta soma ne a watan Nuwamba na 1971 a matsayin reshen Jami'ar Ibadan, sa'an nan ta tsaya da ƙafafunta a 1975. Tana da haraba a kan hanyar Bauci, da mazauninta na dindindin a Naraguta, ga kuma asibitinta na koyarwa a Lamingo. Da yake Rikkos ba ta da nisa da waɗannan wurare, kuma ɗakunan kwanan ɗalibai ba sa isar kowa, da yawa daga cikin 'yan matan unguwar daga gida suke zuwa karatu. Iyaye da dama ma sun fi son haka, domin idonsu yana kan 'yarsu.

Sai dai zaman gida yana da nasa farashi. Ɗalibi namiji idan ya tashi da asuba ya yi salla, yana iya ɗaukar littafinsa. 'Yar'uwarsa kuwa sai ta hura wuta, ta ɗora ruwan wankan ƙanne a cikin sanyin nan na Jos, ta yi shara da wanke-wanke, kafin ta fita neman motar da za ta kai ta laccar ƙarfe takwas. Idan ta dawo da la'asar, girkin dare yana jiran ta. Lokacin da ya rage mata na karatu shi ne bayan isha'i, sa'ad da jiki ya riga ya mutu, wuta kuma wani lokaci an ɗauke. A ranar jarrabawa kuwa takarda ɗaya za a ba su, ita da shi, ba a rage mata ko tambaya guda.

Shi kansa tsarin makin jami'a ba ya yafiya. Kowane darasi da aka ci ko aka faɗi yana shiga cikin jimlar da ke bin ɗalibi tun daga ajin farko har na ƙarshe. Ƙololuwar jimlar ita ce 5, mai neman digiri mai daraja ta ɗaya kuwa sai ya kai 4.50. Wadda ta faɗi darasi guda za ta sake shi a shekara mai zuwa tare da na bayanta, a kan sababbin darussan da ke gabanta. Saboda haka tuntuɓe ɗaya a shekarar farko yana iya hana yarinya sukuni har shekara uku, musamman idan ita ce ta fara zuwa jami'a a gidansu, kowa ya zuba mata ido, ta kuma san irin abin da aka sayar aka biya mata kuɗin makaranta.

Ga matan aure kuma nauyin ya ninka. Akwai masu zuwa aji da ciki, akwai masu barin jariri a wurin kaka ko maƙwabciya su riƙa duba agogo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 10 cikin 100 na mata masu ciki da waɗanda ba su daɗe da haihuwa ba suna fama da ciwon baƙin ciki mai tsanani. Idan aka ɗora jarrabawa a kan jego, ba sai an yi dogon bayani ba.

KARATUN SHEKARA HUƊU YA KOMA SHIDA

Abin da ya fi cin ran ɗalibai da yawa shi ne rashin sanin ranar gamawa. A 2020 ƙungiyar malaman jami'o'i ta ƙasa, ASUU, ta shiga yajin aiki tun daga watan Maris har zuwa Disamba, a daidai lokacin da annobar korona ta rufe makarantu. A 2022 ta sake shiga wani, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Watau yarinyar da waɗannan yajin aiki biyu suka tarar da ita a jami'a ta yi asarar kusan watanni 17 tana zaune a gida. Idan kuma aka koma, sai a matse zangon karatu domin a cike gurbi, a cusa wa ɗalibai cikin 'yan makonni abin da ya kamata a koyar cikin watanni.

Wannan jinkiri ya fi yi wa mace ciwo, domin ita agogo biyu ke bin ta. Sa'o'inta sun yi aure, wasu har da goyo, dangi sun fara tambayar har yaushe za ta zauna, mai neman ta kuma ya fara ƙosawa. Wasu gidajen a irin wannan hutu na dole suke yanke shawarar a yi auren kawai, karatun ya biyo baya in miji ya yarda.

Jos kuma tana da nata ƙarin a kan na sauran garuruwa. Rikice-rikicen Satumba 2001, da Nuwamba 2008, da Janairu 2010 sun raba unguwannin garin, har ya zama kowane ɓangare yana da wuraren da yake shakkar bi idan gari ya ɗauki zafi. 'Yan matan da ke jami'a yanzu a cikin wannan hali aka haife su, a cikinsa suka girma. A watan Oktoba na 2016 gobara ta cinye ɗakin karatun jami'ar da ke Naraguta. A ranar 14 ga Agusta 2021 aka tare matafiya a hanyar Rukuba aka kashe sama da mutum 20, abin da ya jawo dokar hana fita a Jos ta Arewa, aka dakatar da jarrabawa, aka rufe jami'a, gwamnatocin jihohi suka yi ta aiko da motoci suna kwashe 'ya'yansu. Akwai ɗaliban da suka rasa rayukansu a tashin hankalin da ya biyo baya. Wanda ya taɓa gudu daga aji domin tsira da ransa, ko ya ji labarin mutuwar abokin karatunsa, ba lalle ne hankalinsa ya dawo ranar da aka buɗe makaranta ba. Likitoci sun san irin wannan firgita da ke zaunawa a zuciya, tana hana barci, tana sa mutum ya zabura idan ya ji ƙarar ƙofa.

KUƊI DA MASU CIN AMANA

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 kuɗin mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabo, a cikin wannan shekara kuma jami'o'in tarayya da dama, har da ta Jos, suka ƙara kuɗin da ɗalibai ke biya. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta buɗe asusun ba ɗalibai rance, NELFUND, wanda ya rage wa wasu nauyi. Duk da haka yarinyar da ta san halin da mahaifinta ke ciki takan ji nauyin sake tambayar kuɗin littafi ko na buga takardu, sai ta gwammace ta yini da yunwa ko ta taka da ƙafa. Wasu suna haɗa karatun da ɗinki, ko kitso, ko sayar da turare da mayafai ta waya, lokacin barcin ne kuma ke biyan bashin.

Akwai kuma wata masifa wadda mata kaɗai suka fi sanin ɗacinta, ita ce ta malamin da zai riƙe makin yarinya sai ta ba shi kanta. A watan Disamba na 2018 kotu ta ɗaure wani farfesa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife shekara biyu a kan irin wannan laifi, a watan Oktoba na 2019 kuma BBC ta fito da wani bincike na ɓoye da ta yi a Jami'ar Legas da Jami'ar Gana wanda ya girgiza jama'a. Yawancin malamai mutanen kirki ne masu tsoron Allah. Amma yarinyar da ta faɗa hannun na banza takan shiga tsaka mai wuya, domin idan ta faɗa a makaranta tana tsoron a kayar da ita, idan ta faɗa a gida tana tsoron a ce ta zauna, karatun ya isa. Sai ta haɗiye, abin ya yi ta cin ta a ciki.

CIWON BA BAƘO BA NE

Kada wani ya ɗauka wannan sabon salo ne na 'ya'yan zamani marasa juriya. Tun a 1960 wani likita ɗan ƙasar Kanada mai suna Raymond Prince, wanda ya yi aiki a asibitin Aro da ke Abekuta, ya wallafa bayani a kan wani ciwo da ya yi ta gani a tsakanin ɗaliban Nijeriya, ya kira shi da sunan da ɗaliban da kansu suka ba shi, ma'anarsa gajiyar ƙwaƙwalwa. Masu ciwon suna kukan zafi a ka, da jin kamar wani abu yana yawo a ƙarƙashin fatar kai, da dishi-dishin ido idan sun buɗe littafi, da kasa riƙe abin da suka karanta. A wancan zamani yawancinsu maza ne, domin mata ba su da yawa a manyan makarantu. Likitocin yau suna ganin waɗannan alamomi a matsayin hanyar da fargaba da baƙin ciki ke bayyana a jiki.

Yadda abin yake kuwa shi ne, idan mutum ya ji tsoro jikinsa yana sakin wasu sinadarai da ke sa zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya yi sauri, barci ya gudu. Allah Ya yi haka ne domin mutum ya kuɓuta daga haɗari na ɗan lokaci, kuma kaɗan daga cikinsa yana da amfani, shi ke tayar da ɗalibi ya yi karatu. Amma idan tsoron ya ƙi ƙarewa, wata da watanni, sai jiki ya gaji. Barci shi ne lokacin da ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka koya da rana, saboda haka wadda ke kwana tana shan kofi da goro domin ta yi karatu, tana zuba ruwa ne a kwando. Ta karanta ba ta riƙe ba, ta ƙara tsorata, ta ƙara rage barci, haka abin zai yi ta zagayawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa a 2019 kimanin mutum miliyan 280 ke fama da ciwon baƙin ciki a duniya, kuma ya fi yawa ga mata da kusan rabi a kan yadda yake ga maza. Binciken masana ya nuna cewa yawancin cututtukan da suka shafi tunani suna fara bayyana ne kafin mutum ya wuce shekara 25, watau daidai shekarun jami'a.

Alamomin da ya kamata iyaye su lura da su ba ɓoyayyu ba ne, labarin zuciya a tambayi fuska. Yarinya ta daina sha'awar abin da take so a da, ta riƙa keɓe kanta a ɗaki, ta yi ta kuka ba dalili ko saurin fushi, abinci ya fita ranta, barci ya ƙaurace mata ko ya yi mata yawa, ta riƙa cewa ita ba ta da amfani. Wata kuma bugun zuciya ne zai taso mata farat ɗaya, da gumi, da jin kamar numfashinta zai ɗauke, musamman dab da jarrabawa. Idan irin wannan ya kai mako biyu yana hana ta al'amuranta, to, lokacin ganin likita ya yi.

KUNYA DA HAƘURI

Abin da ke hana a kai ga likitan sau da yawa daga cikin gida yake. An tarbiyyantar da 'yar Bahaushe a kan kunya da kawaici, ba ta kai ƙara, ba ta buɗe cikinta ga mahaifi. Idan ta daure ta ce ta gaji, amsar da ta fi samu ita ce ta yi haƙuri. Haƙuri kuwa maganin zaman duniya ne, babu musu, amma ba wanda ya taɓa ce wa mai karaya ta yi haƙuri ba tare da an kira maɗori ba.

Sa'an nan ga tsoron suna. Kalmar hauka tana da nauyi, iyaye suna gudun a ce an ga 'yarsu a sashen masu taɓin hankali, kada maganar ta kai kunnen masu neman aure. Ya fi musu sauƙi a ce iska ce, ko sammu, ko kambun baka. Addu'a da karatun Alƙur'ani suna sanyaya zuciyar mumini, kuma ba likitan kirki da zai hana su. Kuskuren shi ne a tsaya nan kaɗai a yi ta jira har watanni su wuce. Neman magani ba ya karo da tawakkali. Farfesa Thomas Adeoye Lambo, wanda daga baya ya zama Mataimakin Babban Daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya, tun a 1954 ya fara wani tsari a Aro inda marasa lafiya ke zama a gidajen mutanen ƙauye tare da wani ɗan'uwansu suna karɓar magani, ya kuma jawo masu maganin gargajiya ya yi aiki tare da su. Ya nuna wa duniya cewa asibiti da dangi da al'ada suna iya haɗa hannu.

Idan gida ya rufe ƙofa, wata ƙofar ce ke buɗewa. Wasu 'yan mata da maganin barci suke farawa, ko na tari mai kodin, ko tiramol, da sunan samun sauƙi na dare ɗaya. Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi a watan Mayu na 2018. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi a wannan shekara tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gano mutum miliyan 14.3 masu amfani da ƙwayoyi a Nijeriya, kuma ɗaya daga cikin kowane huɗu mace ce. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

INA AKA DOSA?

A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, mai tushe tun 1916 zamanin Turawa. Sabuwar dokar ta ba mara lafiya haƙƙin a rufa masa asiri, ta kuma hana a wulaƙanta shi ko a nuna masa bambanci. Matsalar da ta rage ita ce ƙarancin ma'aikata, domin ƙungiyar likitocin wannan fanni ta sha faɗin cewa ba su kai 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200.

Duk da haka mutumin Rikkos ya fi na wurare da yawa sa'a, tun da asibitin koyarwa na Lamingo yana da sashen wannan fanni, jami'a kuma tana da asibitin ɗalibai inda za a iya farawa. Likita yakan fara ne da duba jiki, domin ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo da wasu cututtuka suna iya kawo kasala da faɗuwar gaba. Ba kowa ake ba ƙwaya ba, wasu zama da ƙwararre ana tattaunawa ya ishe su. Waɗanda aka ba magani kuwa su sani yakan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa, kuma ba a yanke shi farat ɗaya sai da shawarar likita.

Akwai kuma darasi daga ƙasar Zimbabuwe, inda wani likita mai suna Dixon Chibanda ya ga likitoci ba za su isa ba, sai ya horar da tsofaffin mata suna zama a kan benci a harabar ƙananan asibitoci suna sauraron masu damuwa, suna taimaka musu su warware matsalolinsu ɗaya bayan ɗaya. Sakamakon gwajin da aka wallafa a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da su sun sami sauƙi sosai. Rikkos ba ta rasa irin waɗannan iyaye mata ba. Akwai malaman Islamiyya mata, akwai ƙungiyoyi irin su FOMWAN da ƙungiyar ɗalibai Musulmi, akwai takwarorinsu na coci-coci. Abin da ake bukata shi ne ƙwararru su koya musu yadda ake sauraro ba tare da faɗa ko yaɗa magana ba, da yadda za su gane wadda ya kamata a miƙa asibiti. Ciwon 'ya mace, in ji masu iya magana, na 'ya mace ne.

Hukumar jami'a ita ma tana da nata rabo. Ya kamata kowace ɗaliba ta san ofishin ba da shawara tun ranar da ta shiga, a sa mata a cikin masu ba da shawarar, a kuma samar da hanyar kai ƙarar malami wadda ba za ta dawo kan mai ƙara ba.

Amma babban aiki a gida yake. A rage wa yarinya aikin gida lokacin jarrabawa, a raba shi da 'yan'uwanta maza da mata. A bar ta ta yi barci. Idan ta faɗi darasi, a tambaye ta dalili kafin a yi mata gori da kuɗin da aka kashe. Idan ciwo ya yi tsanani, jami'o'i suna da tsarin ɗage zangon karatu ga wanda ya kawo takardar likita, gurbinta ba zai ɓace ba. Idan kuwa aka ji ta ambaci mutuwa, ko ta ce gara a ce ba ta duniya, kada a ɗauke shi wasa ko shagwaɓa, kada kuma a rufe ta da wa'azin wuta. A zauna da ita, kada a bar ta ita kaɗai, a kai ta asibiti a wannan rana.

Iyayen da suka yi ƙarfin halin tura 'ya'yansu mata jami'a sun riga sun yi mai wuyar. Abin da ya rage shi ne su riƙa tambayar lafiyar zuciyarsu kamar yadda suke tambayar sakamakon jarrabawa. Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya sa 'ya'yan jama'a su gama karatu cikin hayyacinsu, Ya kuma zaunar da Jos da kewayenta lafiya, amin.